Inuwa Mai Intalok Ya Je Kallon Dutse

Duk wanda ya taɓa taka ƙafa tare da Inuwa a titunan Riyad ya san azabar da ke ciki. Mutumin nan ba ya kallon gabansa, ƙasa yake kallo. Kuna tafe kuna hira, sai ka waiwaya ka hango shi can baya ya tsaya cak, ya sa dunduniya yana danna wani bulo na gefen titi. In bulon ya motsa, shi ke nan, ka shiga uku. Zai ja tsaki, ya kira ka ka dawo ka gani, ya yi maka bayanin yadda aka yi ha'incin yashi da yadda ba a buga shi ya kwanta ba, rana kuwa tana gasa muku ƙeya. Matarsa Fatsuma ta daɗe da daina bin sa kasuwa saboda wannan hali.

Inuwa Mai Intalok ake ce masa a Gubaira, unguwar da yake haya. Bahaɗeje ne, shekararsa hamsin da uku, goma sha takwas daga ciki a Saudiyya ya yi su. Lebura ya zo, a wani kamfani da ke Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake buga intalok, ƙananan bulon simintin nan da ake jerawa a gefen titi da harabar gidaje. Ya fara da turin baro, ya koma jeri, ya yi shekara goma sha ɗaya a durƙushe, gudumar roba a hannu, igiya a miƙe a gabansa. Da gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai kamfani ya mai da shi foman, ya koma tsayuwa a kan ma'aikata yana duba aikinsu. A wurin aiki kuwa ba shi da sauƙi ko kaɗan. Ya sha sa a kwashe layi guda a sake, don kawai bulo ɗaya ya fi ɗan'uwansa tudu da kaurin farce.

To ga inda abin yake masa ciwo. Cikin duk abin da ya jera da hannunsa, da wuya ka sami wanda ya shekara biyar a inda ya sa shi. Garin nan ba a barin ƙasa ta huta. Yau a tone a sa bututu, gobe a tone a ja waya, jibi a ce titin ya yi ƙanƙanta za a faɗaɗa. Akwai wani gefen titi da ya jera sau uku da kansa, sau ukun kuma yana tsaye katafila ta zo ta kwashe. Ba ya faɗa wa kowa, amma abin yana cin sa. Mutum ya ƙarar da gwiwarsa a gari, a ce ya nuna aikinsa, ya rasa inda zai nuna.

Wata shekara injin buga bulo ya lalace, aka ɗauko wani Bature ɗan Italiya ya gyara. A lokacin hutun rana Inuwa ya yi ta yi masa wannan ƙorafi da guntun Turancinsa. Baturen ya yi dariya, ya buɗe waya ya nuna masa hoton wata hanya: manyan duwatsu baƙaƙe a shimfiɗe, itatuwa dogaye a gefe. Ya ce sunanta Appiya, tana bakin birnin Rum, kuma ta haura shekara dubu biyu da shimfiɗawa, har yau ana taka ta. Inuwa ya ce ƙarya ne. Baturen ya rantse da uwarsa, kafin ya tafi kuma ya sa aka fitar masa da hoton a takarda. Shekara bakwai hoton nan yana manne a bangon ɗakinsu, har ya koɗe. Fatsuma takan ce wa baƙi, “Mazan mutane Ka'aba suke mannawa, nawa titi ya manna.”

Bara likita ya duba gwiwar ya girgiza kai, kamfani kuma ya sanar da shi cewa in kwantiraginsa ya ƙare baɗi, sai gida. Inuwa ya san in ya koma Haɗeja zancen hawa jirgi zuwa Turai ya ƙare. Sai ya tashi haiƙan. Ya roƙi mudir, wato manajansu, ya rubuta masa takarda, ya yi ta zarya har biza ta fito, aka buga masa izinin fita da dawowa. Kwana biyar cif. Ya zauna ya tsara komai a bayan wata takardar kamfani: Laraba da Alhamis a Rum, hanyar nan ita ce farko, Juma'a ya hau jirgin ƙasa ya leƙa birnin Firenze, Asabar Napoli, inda aka ce akwai wani tsohon gari da toka ta binne, aka tono shi da titunansa, Lahadi ya dawo. Jaka ɗaya ta rataye, kaya kala uku, shi kaɗai, ba mai ce masa tashi mu tafi.

Kuskure ɗaya ya yi, ya gaya wa Tamimu.

Tamimu Bakatsine ne, amininsa, direba a wani ofishin jakadanci shekara ashirin. Babu ƙasar da za ka ambata bai ce maka yana da mutum a can ba, kuma abin haushin, da gaske yana da shi. Shi ne kuma mai kula da zauren Hausawan unguwa a waya, zauren da ya yi rassa har ba a san iyakarsa ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suna zaune a shagon shayin da suka saba haɗuwa, Inuwa ya ja shi gefe ya faɗa masa.

“Turai?” in ji Tamimu. “Wurin wa?”

“Ba wurin kowa.”

“Kamfani ne ya tura ka?”

“A'a.”

“To gwiwar ce za a duba?”

“Kallo zan je.”

“Kallon me?”

“Hanya.”

Tamimu ya ajiye kofinsa a hankali, ya dube shi sama da ƙasa. “Ikon Allah. Dama an ce Haɗejawa in kifi ya yi musu nisa sai a hankali. Za ka hau jirgi awa biyar ka je ka kalli hanya? Hanyoyin Riyad sun ƙare ne? Kuma kai kaɗai, kamar wanda ba shi da dangi? Wa zai nuna maka alƙibla? Ka san abin da suke sawa a abinci? In gwiwar nan ta riƙe ka faɗi a titi, wa zai ɗaga ka?”

“Wayata tana nuna alƙibla. Burodi da ruwa sun ishe ni kwana biyar. Tamimu, don girman Allah, kada ka gaya wa kowa.”

“Halas, shi ke nan,” in ji Tamimu, ya dafa ƙirji. “Ka bar min komai.”

Da Inuwa yana da wayo, da wannan “ka bar min komai” ɗin ta hana shi cin abinci. Amma hankalinsa yana kan duwatsu.

Ranar tafiya Tamimu ne ya kai shi filin jirgi. Da suka tsaya, ya buɗe bayan mota, sai ga kwali biyu na dabino, an ɗaure da igiya tamau, kowanne da suna da lambar waya a jiki. Inuwa ya ce wannan fa? Tamimu ya ce ɗan saƙo ne, wani zai tsaya a bakin ƙofa ya karɓa, ya miƙa kawai ya wuce abinsa. Inuwa ya buɗe baki zai yi magana, ya tarar har an ɗora kwalayen a keken tura kaya. Wa ya taɓa ƙin karɓar saƙo? Ya tura, yana tafe yana ƙunƙuni.

A filin jirgin Rum kuwa, yana fitowa ya ga sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wani mutum mai faffaɗar fuska yana ɗaga shi sama yana tsalle. Musbahu ke nan, Bahaushen Zangon Kumasi, shekara goma sha biyu a Italiya yana tuƙa motar rarraba kaya. Ya rusuna har ƙasa, ya karɓe kwalayen, ya zare jakar daga kafaɗar Inuwa kafin ya ankara.

“Sannu da zuwa, Alhaji! Sannu da hanya! Mota tana waje.”

“Na gode, ɗana. Saƙon ke nan. Ni otal zan wuce, na riga na kama ɗaki.”

Musbahu ya tsaya kamar an mare shi. “Otal? Muna raye? Haba, Alhaji. Ai hutun kwana biyar na ɗauka a wurin aiki saboda kai. Matata Zaituna tun asuba take kan murhu.”

Ka ji fa. Mutumin da yake sa ƙarti ashirin su kwashe layi su sake ba tare da ya ƙifta ido ba, a nan bakinsa ya mutu. Inuwa yana iya faɗa da injiniya, yana iya faɗa da mudir, amma a ce mace ta tashi tun asuba ta yi masa girki ya ce ba zai ci ba, wannan bai iya ba, ba a kuma haife shi da shi ba. Ya shiga mota.

Gidan Musbahu yana can bayan gari, hawa na huɗu, ta taga ba abin da kake gani sai wani benen irinsa da shanyar mutane. Zaituna ta kawo tuwon shinkafa miyar kuka, ta kawo farfesu, ta kawo kunun gyaɗa. Kafin ya wanke hannu an fara sallama. Ashe saƙon Tamimu ya riga shi sauka: babban baƙo yana tafe daga ƙasa mai tsarki. Mutane suka yi ta shigowa, 'yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, kowa ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce a sa shi a addu'a. Inuwa ya yi ta bayani cewa shi a Riyad yake, tsakaninsa da Makka tafiyar yini ce a mota, kuma bulo yake jerawa. Ba wanda ya saurara. Wani tsoho ma cewa ya yi, “Ka ji tawali'u irin na mutanen can.”

Bayan la'asar ya samu ya ja Musbahu baranda, ya zaro hoton nan da ya ɓamɓaro daga bango, ya nuna masa.

“A'a, wannan ai nan kusa ce,” in ji Musbahu. “Na taɓa bin ta da mota bisa kuskure, sai da haƙorana suka kusa zubewa. Ba inda za ta, Alhaji. Gobe in sha Allah.”

Goben ta zo, sai ga Musbahu da kwali na biyu a hannu. Mai sunan da ke jiki yana can arewa, wajen wani gari wai shi Modena, tafiyar awa huɗu da wani abu. Matarsa ta haihu, Juma'a suna, kuma ya rantse ba za a raɗa ba sai baƙon Saudiyya yana wurin. Inuwa ya ce ba za a iya aika masa dabinon ba? Musbahu ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Suka kama babban titi.

Suna cikin tafiya Musbahu ya nuna wani koren allo da haɓa. “Alhaji, ga Firenze nan da kake faɗa.” Inuwa ya manna fuska a gilashi. Ya ga katangar da aka yi don tare ƙarar motoci, ya ga bayan wata tirela, sai kuma suka shige wani dogon rami a cikin dutse. Da suka fito, Firenze ta wuce. Ya zaro takardar tsarinsa, ya dube ta, ya mayar aljihu.

Sunan kuwa an yi shi a wani ɗakin taro da aka kama haya a unguwar masana'antu. Aka zaunar da Inuwa a kujerar tsakiya, aka miƙa masa makirfo. Ya yi addu'ar da ya iya, aka shafa. Sai uban jariri ya miƙe ya ce shekararsa tara bai ga gida ba, mahaifinsa ya rasu bai je ba, yau ga dattijo Allah ya kawo masa har ƙofa, don haka yaro ya ci sunan Inuwa. Wuri ya ɗauki kabbara, aka ɗora masa jariri a cinya. Ya dubi ɗan mitsitsin takwaransa, tausayi ya kama shi, haushi kuma bai sake shi ba, ya rasa wanne zai ji da shi.

Da ya samu sarari ya fito waje shan iska, ya duba ƙasa kamar yadda ya saba. Intalok. Wallahi intalok, ruwan toka, irin zubin da suke bugawa a Birnin Masana'antu na Biyu sak. Ya sa dunduniya ya danna ɗaya, ya motsa. Kwana uku a Turai, abin da ya gani ke nan, aikin da ko a gabansa aka yi sai an sake.

A daidai nan waya ta yi ƙara. Tamimu ne, dama kullum sai ya kira sau uku.

“Mutumina! Ya Turai? Ana kula da kai kuwa?”

“Tamimu, Allah ya isa tsakanina da kai.”

“Ai na san za ka gode min,” in ji Tamimu, yana ƙyaƙyata dariya. “Ba ni Musbahu mu gaisa.”

Ranar Asabar ya ƙudura zai gudu. Ya idar da sallar asuba, ya rataya jaka, ya riga ya duba lokacin jirgin ƙasa mai zuwa Rum. Hannunsa yana kan ƙofa ke nan sai ya ji salati daga falo. An bugo waya daga kudu: shugaban Hausawan wani ƙauye a bayan Napoli, ƙaninsa ya rasu a gida, ana zaman makoki. Mai gidan da suka kwana ya dubi jakar da ke kafaɗar Inuwa ya ce, “Allahu akbar, Alhaji har ka shirya. Ai kuwa ba za a ce ka shigo ƙasar nan ba ka je gaisuwa ba.” To me zai ce? Ya ce a bar ta'aziyya shi dutse zai je kallo? Ya shiga mota.

Awa shida suka yi. Suka zo Rum suka kewaye ta ta baya ba su tsaya ba, Inuwa yana kallon allunan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Napoli kuwa, ya hango wani tsauni can nesa cikin hazo, ya ga gonakin tumatir. Sauran yinin a kan tabarma ya ƙare shi, ana shigowa ana cewa a yi Fatiha, kowa kuma in ya gama gaida mai makoki sai ya juyo ya gaida baƙon Saudiyya. Shi da ya zo kallo, shi aka yi ta zuwa kallo.

Lahadi da safe suka kamo hanyar Rum, jirginsa ƙarfe uku na rana. Tun kafin su hau babban titi Tamimu ya kira ta bidiyo, ya haɗa mutum kusan goma, kowa sai ya ga Inuwa a Turai ya yi masa sannu. Ana gamawa wayar ta yi ɗif ta mutu, cajar motar kuma ba ta shiga bakinta. Inuwa ya jefa ta a jaka. Ya duba agogon mota, ya lissafa, ya ga in ba a tsaya ko'ina ba akwai ɗan abin da zai rage.

Sai Musbahu ya yi gyaran murya. “Alhaji, akwai wani bawan Allah a kan hanya, matarsa ta dama fura tun jiya. Minti talatin kawai, mu gaisa mu wuce filin jirgi.”

Nan fa abin ya fashe.

“Musbahu, tsaya. Ka ji ni da kyau. Ni ba malami ba ne, ba waliyyi ba ne, ba kuma fura ce ta kawo ni ba! Shekara goma sha takwas ina jera bulo a garin mutane, ko ɗaya ba a bar min ba. Gwiwata ta ƙare, baɗi gida za ni, ba ni ba sake hawa jirgi. Aka ce min akwai inda wasu masu irin sana'ata suka yi aiki aka bar musu shi. Shekara bakwai ina kallon hotonsa. Shi na zo gani, shi kaɗai! Na ci tuwo, na raɗa suna, na yi ta'aziyya, Allah ya saka muku da alheri, amma wallahi in na hau jirgin nan ban taka hanyar nan ba, har in mutu ba zan yafe wa kaina ba.”

Musbahu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kunya ta rufe shi. Can ya ce, a hankali, “Alhaji, ka yafe ni. Wallahi na ɗauka wasa kake. Alhaji Tamimu ne ya ce kada mu bar ka kai kaɗai ko na minti ɗaya. Ya ce zancen dutsen nan kara ce kawai, ba ka son ɗora wa kowa nauyi.”

Inuwa ya rufe ido. Da Tamimu yana kusa a lokacin, da an ji su.

Musbahu ya taka mota. Da suka iso bakin Rum ya saki babban titi, ya bi wasu 'yan lunguna, ya faka a gindin wata katanga. “Minti ashirin da biyar muke da shi, Alhaji. In muka wuce haka jirgi ya tafi.”

Suka zaga katangar, sai ga ta.

Ta fi yadda take a hoto duhu, ta kuma fi faɗin duwatsu. Ta miƙe ɗoɗar tsakanin dogayen itatuwan nan har inda ido ya gaza. Inuwa ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya taka. Dutsen da sanyi, da santsi kamar bakin tsohon turmi. Abu na farko da ya fara zuwar masa shi ne faɗa: babu dutse biyu masu girma ɗaya, babu layin da ya bi igiya, wani wurin ma sai ka zura yatsu uku a tsakani. Da ma'aikatansa ne suka kawo masa wannan aiki, da sun kwashe shi kafin azahar. Ya zaɓi wani babba a tsakiya, ya sa dunduniya ya danna. Bai motsa ba. Ya danna gefe, ya danna ɗaya gefen. Ya ajiye takalmi, dattijo mai shekara hamsin da uku da furfura a gemu, ya daka tsalle ya dira a kai da ƙafa biyu. Wasu Turawa masu kekuna suka waiwayo. Dutse ko gezau.

Sai ya durƙusa, abin da likita ya hana shi. Ya shafa wani kwari da ƙafafun amalanke suka ci a jikin dutsen. Ya auna shi da hannu, taƙi huɗu da yatsu uku a tsawo, taƙi uku a faɗi. Ya leƙa yadda aka sassaƙe gefensa ya shiga jikin na kusa da shi, ya gane dabarar, ya gyaɗa kai. Wani mutum ne ya durƙusa a daidai nan, kamar yadda ya durƙusa yanzu, ya juya dutsen nan har ya zauna, ya tashi ya tafi gida da ciwon gwiwa, kuma aka bar masa aikinsa. Daɗi ya kama Inuwa, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, har idonsa ya kawo ruwa.

“Musbahu, wayata ta mutu. Ɗauke ni da taka. Ɗauki da yawa.”

“To Alhaji ai sai ka miƙe, ba a ɗaukar babban mutum a durƙushe.”

Ya yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Sai da Musbahu ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi, abin da Inuwa ya ƙudura a ransa Tamimu ba zai taɓa ji ba. Musbahu ya kaɗe masa riga, ya gyara masa zaman hula, ya ja da baya ya yi ta ɗauka, yana cewa a ɗan yi murmushi, a ɗan juyo nan. Daga nan suka ruga mota. Da ƙyar ya samu jirgi, shi ne na ƙarshen shiga.

Ya dawo Riyad ya koma bakin aiki. Fatsuma ta tambaye shi ya Turai, ya ce tuwonsu ya yi ruwa. Hotuna dai shiru, Musbahu ya koma aiki yana biyan kwanakin da ya ɗauka. Sai ranar Juma'a, ana zaune a shagon shayi an cika, Tamimu yana ta ba da labarin yadda ya haɗa wa Bahaɗeje tafiyar da ko minista bai samu ba, wayar Inuwa ta yi ƙara. Hoto goma sha huɗu.

“Yauwa,” in ji Inuwa, ya gyara zama. “Ku matso ku ga abin da na je gani.”

Aka matso, Tamimu ya leƙo ta kafaɗarsa. Inuwa ya buɗe na farko. Ga Inuwa nan daga ƙirji zuwa sama, hula ta zauna daidai, itatuwa a bayansa. Ya wuce na biyu. Daga ƙirji zuwa sama. Na uku, na huɗu, ya yi ta ja da yatsa. Na tara ma har da sararin sama da wani tsuntsu. Musbahu ya yi ƙoƙari iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗauki babban baƙo yadda ya kamata a ɗauki babban baƙo. Wa zai ɓata hoto da ƙasa? Goma sha huɗun nan, babu wanda ko gefen dutse ɗaya ya fito a ciki.

“Masha Allah, ka yi kyau,” in ji Tamimu. “Har ka yi ƙiba.” Ya karɓi wayar ya sake bin hotunan da kansa, ya kai ƙarshe, ya dawo farko. Dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa. “To wai ina dutsen da ka dame mu da shi?”

Shekara bakwai, yau ne karo na farko da wani ya tambaye shi zancen dutsen. Inuwa ya buɗe tafin hannunsa kamar zai auna wani abu a kan tebur, ya dube shi, ya rufe. A waje, can ƙarshen layi, ana jin katafila tana kwasar gefen titi.

“Yana can,” ya ce. “Yana nan inda mai shi ya sa shi. Ba wanda ya tone.”